Darasi: Ilimin Likita a Ƙotar Fartanya

Cutar kuturta tsohuwar cuta ce a ƙasar Gobir. A da, mutane sun ɗauka ita ce ke cinye yatsu. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba. Amma sani a cikin littafi ba ya ceton yatsa, sai ya iso gona da madafi.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 1873 wani likita mai suna Hansen, mutumin ƙasar Norway, ya gano ƙwayar cutar. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma cin kifi da nono ke kawo ta ba.

A shekarar 1946 wani likitan Ingila, Paul Brand, ya fara aiki a garin Vellore na ƙasar Indiya. Ya bi majinyata yana duba hannuwansu. Ya gane cewa cutar jijiya take kashewa. In jijiya ta mutu, mutum ba ya jin zafi. Ƙaya ta soke shi, bai sani ba. Tukunya ta ƙona shi, bai ji ba. Ya ci gaba da aiki da ciwon har ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi. Ta haka yatsa ke guntulewa. Har ya gano ɓeraye na gwaguyar yatsun wasu da dare suna barci, sai ya ba da shawarar a ajiye kyanwa a ɗaki.

A shekarar 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magani mai kashe ƙwayar cutar. Tun 1995 kyauta ake ba da shi. Ana sha wata 6 ko wata 12. Wanda ya fara sha ba ya yaɗa cutar. Sai dai magani ba ya tayar da jijiyar da ta daɗe da mutuwa. Saboda haka wanda ya warke ma yana bukatar kula da kansa har iyakar rayuwarsa.

Yadda ilimi ke isowa ƙauye

Akwai ma'aikatan lafiya waɗanda aikinsu shi ne koya wa mai naƙasa yadda zai ci gaba da sana'arsa. Irinsu ba su da yawa a karkara. Asibitin Amanawa, inda aka daɗe ana kula da masu wannan cuta, yana kusa da birnin Sakkwato, nesa da Isa da Sabon Birni. Daga shekarar 2019 hare-haren 'yan bindiga sun ƙara wa tafiya wuya, har dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Don haka dole ilimin ya zauna a gida, a hannun mai ciwo da iyalinsa.

Hanya uku ke sa bincike ya yi amfani. Ta farko, a faɗe shi da Hausa, a taƙaice. Ta biyu, a nuna shi da kayan aikin mutum na kansa. Ta uku, a riƙa yin sa cikin jama'a. A ƙasar Habasha an fara ƙungiyoyin kula da kai a 1995. 'Yan ƙungiya na zama tare, kowa ya duba ƙafar ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin kullum

1. A duba tafin hannu da tafin ƙafa safe da yamma. In ido bai kai ba, a sa madubi ko a kira wani.
2. A jiƙa su cikin ruwa mai sanyi kamar rabin awa.
3. A goge kaushi da kanta da dutse, a hankali.
4. A shafa basilin tun fata na da danshi, don hana faso.
5. A miƙe yatsu ɗaya bayan ɗaya, kada su ƙage.
6. In an ga ciwo, a wanke, a rufe da tsumma mai tsabta, a hutar da wurin. Hutu shi ne babban maganin gyambo. In ya kumbura ko yana wari, a tafi asibiti.

A gona da gida

Manomi ya kankare ƙotar fartanya da ta lauje ta yi sumul, ya naɗe ta da tsumma ko robar taya. Ya riƙa tsayawa yana duba hannunsa, ya kuma sauya aiki kafin bororo ya fito. Kada ya shiga gonar gero ko fadama ba takalmi. Takalmin ya zama mai taurin ƙasa, mai laushin ciki, marar ƙusa. Ya kakkaɓe shi kafin ya sa.

Uwargida ta sauke tukunya da tsumma mai kauri. Ta yi amfani da muciya da ludayi masu tsawo. Lokacin hunturu, kada mai mataccen ƙafa ya matsa kusa da wuta.

Wanda idonsa ba ya rufuwa sosai ya riƙa ƙifta shi da gangan, ya sa malafa ko tabarau da rana, ya rufe shi da ƙyalle mai tsabta da dare.

Duk wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, wanda ba ya jin taɓawa, ya hanzarta zuwa asibitin Isa ko na Sabon Birni. Mai zuwa da wuri yakan warke da yatsunsa goma.

Tambayoyi

1. Me ke sa yatsan mai kuturta ya guntule?
2. Wata nawa ake shan magani?
3. Rubuta abubuwa uku da manomi zai yi don kare hannunsa.