Iskar Ɗakin Asibiti

Mun saba ji cewa ana ɗaukar cuta ta wurin ruwa mara tsabta, ko ƙuda, ko taɓa mara lafiya. Gaskiya ne. Amma akwai waɗansu cututtuka da numfashi kaɗai ya ishe su. Babbarsu ita ce ƙyanda, wadda waɗansu ke kira baƙon dauro.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da mai ƙyanda ya yi tari ko atishawa, ɗigon yawu masu nauyi sukan faɗi ƙasa nan da nan. Ƙananan kuwa, waɗanda ido ba ya gani, sai su yi ta yawo cikin ɗaki kamar ƙurar hunturu. Ƙwayar cutar takan kai awa 2 cikin iska bayan mai ita ya tafi. Cikin mutum 10 da ba su da rigakafi, wajen 9 za su kamu idan sun zauna kusa da shi.

Bari mu ce wata mace ta taso daga ƙauye a ƙasar Kiru ko Doguwa, ɗanta yana zazzaɓi da tari da jan ido. Ƙuraje ba su fito ba tukuna, gama yaro yakan fara ba da cutar kwana 4 kafin su fito. Ta zauna a benci, an duba shi, ta tafi. Wata kuma ta shigo da jariri ɗan wata 6, awo kaɗai ya kawo ta. Ba su ko ga juna ba. Bayan kwana 10 ko 12 jaririn ya kwanta, tsofaffi suka ce iska ce. Iska ce kuwa, amma ba irin wadda suke nufi ba.

Haka ya faru da korona. An tabbatar da ita a Kano ran 11 ga Afrilu, 2020, likitoci da masu jinya da yawa suka kamu. Da fari wanke hannu aka fi yi wa mutane gargaɗi a kai, sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili cewa cutar tana bin iska, musamman a ɗakin da ke rufe. Wanke hannu yana da kyau, amma sabulu ba ya wanke iska.

Da hunturu masu jinya sukan rufe tagogin ɗakin kwanciya, har su toshe kafa da tsumma. Tausayi ne, amma kuskure ne. A ƙara wa mara lafiya bargo, a bar taga biyu masu duban juna a buɗe. In ɗanki yana tari da zazzaɓi, ki gaya wa malamin asibiti tun daga ƙofa, ki jira a waje ƙarƙashin itace. Matan zumunta kuma, in za ku gaida mara lafiya, kada ku tafi da goyo.

Allurar ƙyanda kyauta ce. Ana yin ta fari a wata 9, ta biyu a wata 15.