Darasi A Kan Tsara Labari: Mugu Mai Neman Sarauta

Kwanan baya, sa'ad da aka tura mu koyon aikin malanta a wata makaranta, muka sa yara su rubuto mana labarin al'ajabi, irin wanda a ke samun aljannu da bokaye da zoben tsafi a ciki. Da muka tattara takardunsu muka duba, sai muka ga kusan dukansu hanya guda suka bi. Kowa ya ce akwai wani Sarki adali, yana da mugun Waziri mai son sarauta; Waziri ya tafi wurin boka, aka ba shi laya, ya yi ta ƙulle-ƙulle, asirinsa ya tonu, aka sare kansa. Muka zaɓi guda muna karanta wa aji, sai wani ƙaramin yaro can baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, shi Wazirin nan ba ya ci ya ƙoshi ne? Ga dawaki, ga barori, ga Sarki na jin maganarsa. To, me ya ke nema kuma?" Aji duka ya fashe da dariya. Mu kuwa muka rasa ta cewa, gama mu ma ba mu taɓa yi wa kanmu wannan tambaya ba. Ita ce ta zama asalin darasinmu na yau.

Abin da muka gane bayan mun yi nazari shi ne, da wuya mutum ya nemi sarauta don ita kanta sarautar. Rawani ƙyalle ne, karaga kuwa katako ce. Akwai dai wani abu da ke cin mutum a zuci, wanda ya ke zaton in ya hau karagar zai huta da shi. Wannan abin shi ne dalilinsa. In mai rubutu bai san shi ba, mugun da ya ƙago zai tsaya kamar mutum-mutumin da a ke kafawa a gona, ga riga ga hula, amma ko tsuntsu ba ya daɗewa yana tsoronsa.

Lalle a tatsuniya ba a bukatar wannan duka. Kura mai kwaɗayi ce don ita Kura ce, Dodo kuwa ba wanda ya ke tambayarsa abin da ya sa ya ke cin mutane. Haka kuma bokan nan na Magariba da ya yaudari Alaudin: fitila ya ke so, shi ke nan, labari ya wuce. Amma wanda ya ke son ya rubuta littafi mai tsawo, inda mai karatu zai kwana ya tashi tare da mugun, dole ne ya nuna tushen muguntar. Mun duba littattafan da muka sani, muka sami tushe uku waɗanda suka fi yawa.

Na farko, mutum ya ga kamar an hana shi abin da ya riga ya ɗauka nasa ne. Dubi Wazirin nan na Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam wanda ya fara fitowa a 1937. Sarki Abdurrahman ya daɗe ba shi da ɗa namiji, Waziri kuwa ya daɗe yana sa rai shi zai gaje shi. Kwatsam sai aka haifi Musa. Gari duka na murna, mutum guda na baƙin ciki. Daga nan ne ya shiga haɗa baki da Sarkin Sinari, abokin gāban ubangidansa. Mu lura, ba a ƙwace wa Waziri kome ba, ko ƙwayar gero. Abin da ya rasa sa rai ne kawai. Amma wanda ya shekara da shekaru yana ɗaura rawanin Sarki a cikin mafarki, in aka zo aka ce ba nasa ba ne, a wurinsa fashi aka yi masa. Kowane ɗalibi da ya taɓa tabbatar wa kansa shi zai zo na ɗaya, kāna ya ji an kira sunan wani, ya san ɗanɗanon abin.

Na biyu, tsoro. Wajen shekara ta 1606 Shekisfiya, mawallafin nan na Ingila, ya rubuta wasan Makbet. Makbet jarumi ne, sarkin yaƙin Dankan Sarkin Sikotilan, kuma da aminci ya fara. Wasu mayu uku suka tare shi a hanya, suka faɗa masa zai sami wata sarauta, sa'an nan zai zama Sarki. Ba a jima ba ta farkon ta tabbata. Sai kwaɗayi ya shiga, matarsa ta zuga shi, ya kashe Dankan yana baƙunci a gidansa. Kisan farko ke nan, na kwaɗayi. Amma duk na baya tsoro ne ya kawo su. Ya sa aka kashe abokinsa Banko, don mayun nan sun ce zuriyar Banko ce za ta yi sarauta. Ya sa aka kashe matar Makdaf da 'ya'yansa, don yana jin tsoron uban. Ga shi bisa karaga, barci ya gagare shi. Wanda ya hau ta hanyar jini yana ganin kowa wuƙa ya ke ɓoyewa, saboda ya san abin da shi ya ɓoye. Don haka kullum ƙarin ƙarfi ya ke nema, ko ya sami natsuwa, ita kuwa sai ƙara nisa ta ke yi.

Na uku, kuma shi ya fi ban tsoro, kyakkyawar niyya. Wani malamin jami'a Bature, Tolkin, ya fitar da babban littafinsa The Lord of the Rings a 1954 da 1955. A cikinsa akwai wani zobe mai ba da iko a kan halittu. Boromir, ɗan wakilin sarautar Gondo, ya tashi ya ga ƙasarsu kullum cikin yaƙi, mazajenta na ƙarewa. Da ya ji an yanke shawara a hallaka zoben, sai ya ga wauta ce: ga makami a hannu, don me za a jefa shi wuta alhali mutanensa na mutuwa? Tunanin nan ya yi ta cinsa har ran da ya tasam ma Furodo, mai ɗauke da zoben, zai ƙwace da ƙarfi, shi da ya fito don ya taimake shi. Shi Boromir ya farga, ya yi nadama, ya mutu yana kāre abokan tafiyarsa. Saruman kuwa, shugaban masu sihiri, bai farga ba. Ya zurfafa cikin binciken dabarun abokin gāba da nufin ya san yadda za a ci shi, har ya fid da rai da nasara, ya ce gara masu ilmi su riƙe duniya su tsara ta, tun da jama'a ba su san abin da zai amfane su ba. Mugu irin wannan yana kwana da zuciya fara, yana gani shi ne mai ceto, masu hana shi su ne azzalumai.

To, ga wani kuskure da yaranmu suka yi ta yi, mu ma mukan yi shi. Sai a ɗora wa tsafi laifin duka: boka ya ba Waziri laya, sai ya zama mugu. In haka ne, Waziri ba shi da laifi ke nan, laya za a sare. Mu lura da abin da gwanayen nan suka yi. Mayu ba su ce wa Makbet ya kashe kowa ba. Albishir kaɗai suka yi masa, shi ya nemo wuƙa. Banko ma ya ji nasa albishir, bai taɓa kowa ba. Zoben Tolkin kuwa kowa da ƙofar da ya ke shigar masa, har Gandaf mai hikima ya ƙi karɓarsa, don ya san ta wajen tausayinsa zai kama shi. Tsafi a labari kamar ruwan damina ya ke: abin da aka shuka shi ya ke tsirarwa.

Bari mu gwada da Wazirin yaranmu. A ce yana ƙarami aka yi fari a ƙasarsu, Sarkin lokacin ya yi sakaci da rumbuna, ƙanwarsa ta mutu da yunwa a bayansa yana goye da ita. Ya rantse ba za a ƙara irin wannan ba muddin yana da rai. Ya girma, ya yi hidima, ya zama Waziri, shekara ashirin shi ke kirga damman hatsi yana cika rumbunan gari. Sarki ya tsufa, Yarima kuwa ba abin da ya sani sai kilisa da kyauta ga maroƙa. Ran nan wani aljani ya ba Waziri madubi mai nuna gobe, ya duba, ya ga fari na zuwa bayan shekara bakwai, ga Yarima bisa karaga, rumbuna wayam.

Yanzu sai a bi da shi mataki mataki, gama ba a yin gini ran da aka kwaɓa ƙasa. Da fari ya ɓoye wa Sarki wata takarda, ya ce don amfanin talakawa ne. Sa'an nan ya yi wa Yarima sharri aka kore shi. Ma'aji ya gane, sai aka ɗaure Ma'aji. Talakawa suka fara gunaguni, sai ya hana hatsi ga kowace unguwa da ta yi magana. Ran da ya fita rangadi ya tarar da wani yaro goye da ƙanwarsa ta mutu da yunwa, a bakin rumbun da shi ya kulle, ran nan labari ya kai inda za shi. Ka ga yanzu in yaron nan na bayan aji ya sāke tambaya, muna da amsa.

Akwai gwaji guda mai sauƙi. Mu ba mugunmu dama ya tsaya gaban alƙali ya kāre kansa. In maganarsa ta sa mai karatu ya yi shiru kaɗan kafin ya gano inda ta karkace, to, mun yi aiki. Amma kada mu zarce har mu wanke shi. Sanin dalili daban, yarda da aiki daban. A bar wani a cikin labarin wanda shi ma ya sha irin wahalar da Waziri ya sha, amma ya zaɓi wata hanya, don a ga cewa ba tilas aka yi wa Waziri ba.

Wani zai ce, me ya kai malamin makaranta ga wannan dogon bincike a kan labarun aljannu? Amsarmu ita ce, yaron da aka koya wa cewa mugu yana da jajayen idanu da ƙaho, ba zai gane shi ba ran da ya zo masa da fara'a yana cewa don amfaninka na ke yi. Ba zai kuma gane shi ba in ya tsiro a cikin ƙirjinsa. Mun ga yaro mai ladabi an naɗa shi monita don ya hana surutu. Kafin wata ya ƙare yana rubuta sunan wanda ya hana shi gyaɗa. Mu kanmu gobe za a ba mu aji, da alli, da iko a kan 'ya'yan mutane, kuma kowanenmu da kyakkyawar niyya zai shiga.

Ga aikin da mu ke ba da shawara a ba yara, mu ma mu yi tare da su:

1. A ɗauki Wazirin Magana Jari Ce, a rubuta abin da ya ke faɗa wa kansa a daren sunan Musa, layi goma.

2. A ƙago mai neman sarauta, a faɗi abin da ya ke tsoro, da abin da ya ke zaton karaga za ta ba shi.

3. A jera ayyukansa biyar, daga ƙarami zuwa babba, kowane da uzurin da ya kawo.

4. A nuna wurin da ya sami damar komawa baya, ya ƙi.

Wanda ya gwada wannan a ajinsa, muna roƙo ya rubuto mana abin da yaransa suka ce, don mu ƙaru da juna.