Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Sa wa 'Yar Tirelata Hon?

TAMBAYA: Yayana ne ya aiko mini da 'yar ƙaramar tirela ta rimot, ƙirar kamfanin Tamiya, samfurin Scania, irin wadda mutum ke haɗawa da hannunsa. Na haɗa ta, tana tafiya, har giya tana canzawa, sai dai bebiya ce. Ina da hon ɗin babur a ajiye. Idan na jona shi a jikin risibar motar, zai yi? Rimot ɗina mai layi huɗu ne. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, kafin komai, mayar da hon ɗin babur ɗin nan inda ka ɗauko shi. Shi wutar volt 12 yake ci, kuma ci mai yawa, alhali abin da ke yawo a cikin risibarka bai wuce volt 5 zuwa 6 ba. Batirin motar ma gaba ɗayansa volt 7.2 ne ko 7.4. Ga kuma girma: tirelolin Tamiya kashi ɗaya ne cikin 14 na motar gaske, kan motar bai fi rabin mita ba da wani abin kirki. In ka cusa hon ɗin babur a ciki, ina direban zai zauna?

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Duba soket ɗin kowane layi a jikin risiba, za ka ga ƙafa uku. Ɗaya ta baƙar waya ce ko ruwan ƙasa, ɗaya ta ja, su biyun nan su ne wuta, kuma kullum a kunne suke muddin motar na kunne. Ta ukun, fara ko ruwan lemo, ba wuta take bayarwa ba, saƙo take kaiwa. Kusan sau 50 a kowane sakan tana aika wani ɗan bugu, tsawon bugun kuwa yana tsakanin kashi ɗaya da kashi biyu cikin dubu na sakan, gwargwadon inda ka tura sandar rimot. Saboda haka ko da wutar ta ishe shi, in ka jona hon a ja da baƙa, zai yi ta kuka ba tsayawa. In ka jona a farar, ko dai ya yi shiru ko ka lalata layin. Dole sai da tafinta a tsakani, wanda zai ji saƙon ya buɗe wa hon wuta.

To wane layi za ka ba tafintan? A motarka, ɗaya na sitiyari ne, ɗaya na totur, ɗaya na giya, tunda akwatin giyarta mai hawa uku ne. Saura na huɗu, in ba ka riga ka ba shi wani aikin ba. Da shi za mu yi amfani.

Tafinta mafi araha shi ne tsohon sarbo, wato ɗan akwatin nan mai hannu irin wanda ke juya maka sitiyari. Ka jona shi a layi na huɗu, ka manna ɗan ƙaramin makunni na dannawa kusa da hannunsa, irin wanda ke cikin linzamin kwamfuta da ya mutu. Ka tura sanda, hannun ya danna, ka saki, ya ɗaga. Abin kamar wasan yara, amma yana aiki, kuma duk abin da ya lalace idonka zai gani. Wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro ba zai sha wuya a nan ba. In kana son tsaf-tsaf, akwai makunnin lantarki da aka yi don wannan aikin, bai kai akwatin ashana ba, ana soka shi kai tsaye a risiba.

Sai muryar, kuma a nan nake son ka ba ni aron kunnenka, don a nan ake yin asarar wahala. Mafi yawan mutane buza suke saya, 'yar baƙar ƙararrawar nan da ke yin "tiii" a cikin kwamfuta. Ni ma da ita na fara. Na ɓata yammaci guda ina narka dalma, na rufe kan motar, na kira yaran gida su zo su gani. Na danna. Katafariyar mota mai taya goma ta yi tsuwwa kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Ƙaramin cikinsu ya dube ni ya ce, "Baba, wayarka ce ta cika caji?" A daren na cire ta. In dai buzar za ka sa, to nemi wadda ke kuka da kanta da zarar ta ga wuta, don akwai wata mai kama da ita sak da ba ta cewa uffan sai an aika mata sautin daga waje.

Hon ɗin babbar mota iska ce ke busa shi. Iskar da aka matse a tanki ce ke kaɗa wani faifan ƙarfe, sautin ya bi ta doguwar ƙaho ya fito, kuma iya tsawon ƙahon iya kaurin muryar. Sau da yawa ƙaho biyu ne masu tsawo daban-daban, haɗuwar muryoyinsu ce ke ba da wannan rurin da ke sa mai babur ya sauka daga kwalta. Ba za ka iya ƙanƙanta wannan sau 14 ya riƙe kaurinsa ba, ƙaho gajere siririyar murya gare shi. Abin da masu wannan sha'awa ke yi shi ne su ɗauki muryar hon na gaske su sa lasifika ta maimaita.

Tamiya da kansu, daga garinsu na Shizuoka a Japan, suna sayar da wata na'ura mai suna MFC-03 don motoci irin na Turai kamar taka, da MFC-01 wadda ta riga ta fitowa. Kowacce tana ba da ƙugin inji, fitilu, sigina, hon, har da girgizar kan mota in an tayar, kuma ita ce ke karɓar aikin sarrafa gudun motar. Akwai kuma na kamfanonin Jamus irin su Beier da Servonaut. Kaya ne masu kyau, ba musu, amma kuɗin ba na wasa ba ne, kuma kai hon kaɗai ka tambaya.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Akwai wani ɗan allo da ake kira DFPlayer Mini, faɗinsa bai fi na babban yatsa ba da yawa. Yana karɓar memori irin na waya, yana kuma iya tura ƙaramar lasifika da kansa har zuwa wat 3. A jikinsa akwai ƙafa mai suna ADKEY1. Duk lokacin da aka haɗa ta da baƙar waya, sai ya kunna sauti na farko da ke cikin memorin. Ka ga ke nan makunnin da sarbonka ke dannawa ba wata wuta mai nauyi zai ɗauka ba, ƙafar nan kawai zai taɓa da baƙar waya. In makunnin lantarki ka saya, tabbatar mai rile ne, wanda ke haɗa waya biyu kawai, ba wanda ke turo wuta ba. Allon ba ya son abin da ya wuce volt 5, don haka sa mita ka auna abin da risibarka ke bayarwa kafin ka jona. Masu gyaran waya da rediyo a Sabon Gari za su taimaka maka da dalma in hannunka na rawa.

Wani abu kuma da ya taɓa cin mini tuwo a ƙwarya: na ɗebi wutar allon daga risiba, ina danna hon sai sitiyari ya zabura, motar ta yi ɗif na ɗan lokaci. Lasifika ce ke fizgar wuta har risiba ta suma ta farfaɗo. Maganinsa a sa kafasita mai kimanin microfarad 1000 a bakin wutar allon, ko mafi kyau a ba shi nasa ɗan mai rage wuta zuwa volt 5 kai tsaye daga batir.

Lasifikar kuwa, kada ka bar ta tsirara. Takardarta na tura iska gaba tana ja ta baya a lokaci guda, in ba a raba su ba sai su cinye juna, kaurin ya tafi ya bar maka kaushi. Gwada ka ji: kunna ta a tafin hannu, sannan ka kifa ta a bakin ƙaramin gwangwanin tumatir ka toshe gefen da yatsu. Za ka rantse an canza ta. Yi mata akwati rufaffe na roba ko katako, ba inda iska ke fita, ka ajiye shi a wurin kwanan direba a bayan kujeru. Zaɓi mafi girmar da wurin zai ɗauka, mai om 4 ko 8.

Muryar hon ɗin ba sai ka je intanet ba. Kana Zariya, Mararrabar Jos ba nisa, tireloli na nan jere. Ka yi wa direba sallama, ka nuna masa hoton 'yar motarka, na tabbata dariya zai yi ya ja maka igiya ko ya danna. Ka ja baya sosai kafin ka ɗauka da wayarka, in ka matsa kusa muryar za ta fashe ta zama hayaniya. Daga baya ka yanke shirun da ke farkon sautin, don allon kansa yana ɗan jinkiri kafin ya fara, in aka haɗa da shirun sai ka danna yau ya amsa gobe.

Masu ƙananan motocin kasuwa na yara, waɗanda komai nasu ke kan allo guda, ba su da layin da ya rage. Su sai dai su sayi ɗan rimot na daban mai rile, irin na buɗe get, su riƙe shi a ɗaya hannun.

Ranar gwaji, ɗora motar a kan bulo tayoyin na lilo a sama, kunna rimot kafin motar, kuma kada ka ɗaure kan sai ka danna hon tare da totur da sitiyari a lokaci guda ka ga ba abin da ya zabura.