Tafintan Cikin Kwamfuta

Wata ranar Talata, bayan an tashi daga ajin yamma, wata dattijuwa cikin ɗalibanmu ta tsaya a bakin ƙofa tana jira in gama share allo. Tana da ɗan shago inda take buga wa mutane katin biki da takardun makaranta. Ta ce, "Malam, firintata ta mutu. An goge mini kwamfuta an sa sabon Windows, tun daga ranar ko takarda ɗaya ba ta fito ba. Yaron da ya yi mini aikin ya ce sai dai in sayi wata."

Na ce, "Hajiya, idan kin kunna ta tana kawo wuta?"

Ta ce, "Tana kawowa. Har motsi take yi kamar da."

Na ce, "To, kada ki sayi komai tukuna. Da alama lafiyarta lau, tafintanta ne ya ɓace."

Ku tuna da mutumin ƙauye da ya je asibiti ya tarar da likitan da ba ya jin Hausa. Mara lafiya yana da baki, likita yana da ilimi, amma in babu wanda zai tsaya tsakaninsu ya fassara, magani ba zai samu ba. Haka abin yake a kwamfuta. Windows shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da komai. Firinta, lasifika, kyamara, linzami, da ɗan ƙarfen da ke kamo Wi-Fi, kowanne da yaren da kamfaninsa ya gina shi a kai. 'Yar ƙaramar manhajar da ke fassara umarnin Windows zuwa yaren na'ura ita ake kira direba. Sunan ɗaya ne da na direban mota, kuma haka za ku ji masu gyara suna faɗa: "Direban sauti ne babu," ko "Sai an sa mata direba."

Yawancinmu kwamfutar hannu ta gwanjo muke saya. Idan ta yi nauyi ko ƙwayar cuta ta shige ta, sai a kai ta a goge a sake zuba Windows. Gogewar nan tana tafiya da direbobin da ke ciki. Windows yana zuwa da nasa masu yawa, shi ya sa linzami da madannai suke aiki nan take, amma ba kowace na'ura ya sani ba. Sai mutum ya koma gida ya ga sauti ya ɗauke, ko rubutu ya yi ƙato-ƙato a allo, ko alamar Wi-Fi ta ɓace ɗungum. Abin da ke damuna shi ne mutane da dama a nan suke yanke ƙauna, su kashe kuɗin da ba su da shi wajen sayen abin da bai lalace ba.

Kafin a taɓa komai, a fara dubawa. Akwai wuri a cikin Windows da ake kira Device Manager, kamar rajistar aji ce: duk na'urar da ke jikin kwamfuta an rubuta sunanta. Riƙe madanni mai tambarin Windows, ka danna X, sai jeri ya fito, ka zaɓi Device Manager. Kada Turancin ya tsorata ka. Display adapters shi ne mai kula da hoton allo. Network adapters shi ne na intanet. Wanda ya fara da Sound na sauti ne. Abin da za ka nema shi ne ɗan alwatika ruwan ɗorawa mai alamar motsin rai a ciki. Duk inda ka gan shi, nan ciwon yake. Wani lokaci ma za ka ga an rubuta Unknown device, wato Windows ya ga baƙo a gidansa amma bai san sunansa ba.

Hanya ta farko ta samo direba, kuma mafi aminci, ita ce Windows Update. Shiga Settings, ka nemi Windows Update, ka danna Check for updates. Akwai wani lungu da mutane ke wucewa ba su lura ba, sunansa Optional updates. A Windows 11 yana ƙarƙashin Advanced options, a Windows 10 kuwa yana bayyana a shafin farko idan akwai abin da ke jira. Direbobi da yawa a can suke zaune. Zaɓi wanda ya shafi matsalarka kawai, ka bar sauran. Wannan aiki yana cin data, don haka a yi shi lokacin da ake da isasshiya, kuma caji ya cika.

A cikin Device Manager ma za ka iya danna maɓallin dama na linzami a kan na'urar, ka zaɓi Update driver. Sai dai a sani, a Windows na yanzu wannan bincike a cikin kwamfutar kawai yake yi, ba ya fita intanet. Idan ya ce maka wanda kake da shi ne mafi kyau, ma'anarsa shi ne mafi kyau cikin abin da ke hannunsa. Maganar ba ta ƙare ba.

Hanya ta biyu ita ce zuwa wurin mai abu. Juya kwamfutar ka dubi bayanta. Akwai 'yar takarda da aka manna mai ɗauke da sunan samfuri da lambarta. Kamfanin Dell yana kiran tasa lambar Service Tag, HP da Lenovo kuma suna da lambar siriyal. Rubuta ta a takarda harafi bayan harafi, ka kula kada ka rikita sifili da harafin O. Ka shiga shafin kamfanin na ainihi, ka nemi sashen Support, ka sa lambar, sai ya fito maka da direbobin da aka yi domin wannan kwamfutar. Firinta ma haka, sunan samfurinta yana rubuce a gabanta. Za a tambaye ka wane Windows kake da shi, kuma 32-bit ne ko 64-bit. Amsar tana cikin Settings, a System, a About. Windows 11 dai duka 64-bit ne.

Idan baƙon nan ne marar suna fa? Shi ma yana da shaida a jikinsa. A cikin Device Manager, danna shi sau biyu, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga dogon layi na haruffa da lambobi. Huɗun da ke bin VEN su ne ke nuna kamfanin da ya ƙera shi: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 10DE na NVIDIA. Da wannan kaɗai ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Wanda kuma direban Wi-Fi ne ya ɓace masa, har ba shi da hanyar shiga intanet, sai ya haɗa wayarsa ta Android da kwamfutar da igiyar caji mai ɗaukar data, ya kunna USB tethering a wayar. Ko ya sauke direban a wata kwamfuta ya kwaso a filash.

Yanzu ga gargaɗin da nake so ya zauna muku. Idan kun rubuta sunan direba a Google, za ku ga shafuka da manyan maɓallai kore suna cewa direbobinku sun tsufa, ku danna a gyara duka kyauta. Ku kauce musu. Wasu za su tsorata ku sannan su nemi kuɗi, wasu su cusa muku talla ko ƙwayar cuta, wasu su sa direban da ba na na'urarku ba. Direba ba kamar manhajar wasa ba ce. Yawancinsu a can cikin zuciyar Windows suke aiki, idan ɗaya ya yi tuntuɓe, kwamfutar gaba ɗaya ke faɗuwa, allo ya koma shuɗi. A ranar 19 ga Yuli 2024, kuskure a wani sabuntawa da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika, wanda manhajarsa ke aiki a wannan zurfin, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna a ƙasashe da dama.

Saboda haka ni ra'ayina, idan sauti yana fita, hoto yana da kyau, firinta tana bugawa, a bar su su huta. A sabunta idan akwai dalili: abu ya daina aiki, an sayi sabuwar na'ura, ko Windows Update da kansa ya kawo gyaran tsaro. Haka nan idan an sauya Windows, domin idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairun 2020, ta kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wanda ke kan tsohon Windows zai riƙa ganin sababbin na'urori suna zuwa ba tare da direbansa ba.

A kuma san hanyar dawowa tun kafin a tafi. Rubuta Create a restore point a wurin bincike na Windows, ka ajiye yadda kwamfutar take a yau. Idan sabon direba ya ɓata abu, koma Device Manager, ka danna na'urar sau biyu, ka shiga Driver, ka danna Roll Back Driver, tsohon zai dawo. In ka ga maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, to babu tsohon da aka ajiye. A sa direba ɗaya, a kashe kwamfuta a kunna, a gwada, sannan a je ga na gaba. Ta haka ake gane mai laifi idan an samu matsala. A shafin kamfani za ku ga wani abu mai suna BIOS. Wannan ba direba ba ne na yau da kullum, kuma idan wuta ta ɗauke batir ya mutu ana tsakiyar sa shi, kwamfutar tana iya ƙin tashi. Ku bar shi sai da wanda ya sani a kusa.

Washegari Hajiya ta zo da kwamfutar da firintar a bayan Keke Napep. Ita ta karanto mini sunan samfurin da yatsa a kan haruffan, ita ta rubuta shi a shafin kamfanin. Sauke direban ya ɗauke mu kusan rabin awa saboda sabis yana yankewa. Da aka gama muka kashe muka kunna, ta buɗe katin ɗaurin auren da ya kwana uku yana jira, ta danna. Firintar ta yi shiru kaɗan, sai ta ja takarda. Hajiya ta ɗaga katin sama tana cewa, "Alhamdu lillahi," 'yan aji suka taso suna leƙe.

Aikin gida: duk mai kwamfuta, ko wanda zai iya aron ta ɗansa ko ta maƙwabci, ya buɗe Device Manager. Kada ya canza komai. Ya kwafo a littafinsa sunan da ke ƙarƙashin Display adapters da na Network adapters, da lambar da ke bayan kwamfutar, ya kuma duba ko akwai alwatika ruwan ɗorawa. Ranar Alhamis kowa zai karanta mana abin da ya rubuto.