Shawara ga Matasan 'Yan Ƙwallon Kwando

Ya ku samari masu neman abinci da ƙwallon kwando, ku sani cewa ƙungiyoyin NBA na Amurka, duk da ɗimbin masu muradin shigarsu, ba sa zaɓar fiye da mutum 60 a zaɓensu na shekara-shekara. Saboda haka wanda Allah ya nufa da samun kwantiragi, wajibi ne ya ba amintaccen lauya ya duba sharuɗɗansa kafin ya sa hannu, ya kuma yi tattalin albashinsa na farko, domin rauni guda a gwiwa yana iya yanke arzikin. Ku kuma koyi haƙuri: Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda Houston Rockets ta zaɓa a 1984, sai da ya yi haƙuri har 1994 kafin ya ɗauki kofi. Don Allah, kada ku yi gaggawar barin karatu.