Wa doka ta ba ikon rubuta muku magani? Darasi kan majo, likita da mai kemis

Tambaya ɗaya ta yi ta dawowa teburin kare haƙƙi a makonnin nan, mu da muke fassara mun ji ta daga bakin maza da mata: "Na je asibiti ban ga likita ba, majo ne ya duba ni. Shin yana da ikon rubuta mini magani?" Akwai kuma wadda ake yi da murya ƙasa-ƙasa: "Ɗan'uwana kemis gare shi a gida kafin mu gudo, yana iya ci gaba da yi wa mutane allura a nan?" Amsar ta farko e ce, amma da iyaka. Amsar ta biyu a'a ce, kuma a kanta za mu fi daɗewa.

Mu fara da yadda aka jera asibitoci a Nijar, don wanda ya fito daga Sabon Birni ko Isa ko Zamfara zai ga bambanci da abin da ya saba. A ƙasa akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. Sama da shi akwai CSI, wato cibiyar lafiya da ke kula da ƙauyuka da yawa. Daga nan sai asibitin gunduma kamar na Gidan Runji, sannan manyan asibitocin Maradi. A mafi yawan CSI ba likita ne shugaba ba, ma'aikacin jinya ne mai takardar shaidar gwamnati, shi ake kira majo. Ba don an raina mu aka haɗa mu da shi ba. 'Yan ƙasa ma shi ke duba su, saboda likitoci sun yi kaɗan, kuma yawancinsu suna birane.

Majo ba da ka yake rubuta magani ba. Ma'aikatar lafiya ta ba shi abu biyu. Na farko jerin muhimman magunguna ne na ƙasa, inda aka ware wanda ya halatta a ajiye a kowane mataki. Na biyu littafin ƙa'ida ne da ke ɗaukar sa daga koken mara lafiya zuwa magani: idan yaro ya zo da zazzaɓi a yi gwajin jini na yatsa, idan ya nuna cutar cizon sauro ga magani ga yawan da za a ba shi gwargwadon nauyinsa, idan kuma yana suma ko ya kasa shan nono a ba shi taimakon farko a tura shi gaba. Saboda haka idan majo ya ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin nan, ga takarda ku tafi asibitin gunduma," ba korar ku ya yi ba. Iyakar da aka shata masa ce ya kai. Ku riƙe takardar turawar da kyau, da ita likita zai san abin da aka riga aka ba ku.

Ungozomar asibiti ita ma tana rubuta magani, a fanninta: awon ciki, haihuwa, jego da tazarar haihuwa. Masu sa kai na unguwa da aka horar suna iya ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin zazzaɓin cizon sauro bayan gwaji, da ruwan gishiri da sukari da zinki don gudawa, da amoksisilin don ciwon haƙarƙari. Nan ikonsu ya tsaya. Ba su yin allura, ba su duba manya. Mu tuna kuma tun 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki a asibitocin gwamnati.

Yanzu ga batun mai kemis. Mun san darajarsa a gida. A ƙauyukan da asibiti ke da nisa, shi ne wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare, kuma da yawa sun taimaki mutane tsakani da Allah. Amma ko a Najeriya lasisin mai kemis na sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita ne kawai. Bai ba shi ikon yin allura ko ƙarin ruwa ba, sabo ne ya sa muke ganin kamar aikinsa ne. To balle a nan, inda lasisin bai da aiki sam. Takardar izini ba ta tsallake iyaka tare da mai ita. Sashe na 2 na Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ya ɗora wa kowannenmu bin dokokin ƙasar da ta karɓe shi, kuma katin gudun hijira ba ya hana jandarma kama wanda aka samu yana sayar da magani ba izini. Idan kayan sun haɗa da taramol ko makamantansa, magana ta koma ta miyagun ƙwayoyi, kuma can hukuncin ɗauri ne. Mun zauna fassara a irin wannan shari'a. Magidanci ne mai 'ya'ya, yana ta cewa shi taimako yake yi, kuma mun yarda da niyyarsa, amma alƙali ba niyya ya tambaya ba, takarda ya tambaya.

Dokar ba don takura aka yi ta ba. Allurar kinin da aka soka a ɗuwawun yaro a wurin da bai dace ba tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har tsufansa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya ƙwaya biyu ko uku, a sha a daina da an ji sauƙi, yana koya wa cutar jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Ga kuma jabu: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane a Nijar rigakafin da babu magani a cikinsa. Wanda ke talla da tire a kasuwa, kayansa na shan rana tun safe, ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin kwalin ko da mai gaskiya ne. Wata alama da za ta taimake ku: a kwalayen da suka fito daga Faransa, idan kun ga an zagaye wani fili da jan layi ko kore, wannan magani ba a bayar da shi sai da takarda.

A cikinmu akwai waɗanda suka yi karatun jinya ko na lafiyar al'umma na gaske, da takardunsu. Su ba a rufe musu ƙofa ba. Sashe na 19 na yarjejeniyar ya yi maganar masu sana'a irin wannan, amma sharaɗin shi ne hukumomin ƙasar su amince da takardar tukuna. Ku kawo ta teburinmu, ko hotonta ne a waya, mu nuna muku inda ake bi. Kafin nan ana iya aikin faɗakarwa ko fassara a asibiti, ba rubuta magani ba.

Masu hawan jini, ciwon suga ko farfaɗiya da suka taho da magani daga gida, kada ku jira ya ƙare. Ku kai wa majo kwalin ko da babu komai a ciki. Sunan da ke kan kwali yana iya bambanta a nan alhali maganin ɗaya ne, shi zai duba ya ga ko zai ci gaba da ba ku ko sai likita ya gan ku. Maganin farfaɗiya musamman, tsayar da shi farat ɗaya yana dawo da faɗuwa.

Iyalan da ake duba takardunsu don komawa wata ƙasa za su tarar da irin wannan tsari da wani suna. A Amurka tun 1965 aka fara horar da ma'aikatan jinya masu zurfin karatu da ke duba mara lafiya su rubuta magani. Kowace jiha da dokarta: a fiye da rabinsu suna aiki da kansu, a sauran sai da yarjejeniya da likita. Kanada ma ta ba su wannan iko, Faransa kuma ta buɗe irin matsayin a 2018. Idan kun isa aka ce ma'aikaciyar jinya ce za ta gan ku, ba rage muku daraja aka yi ba.

Kafin ku bar gaban majo ku duba takardar: sunan mara lafiya, kwanan wata, sunan magani, sau nawa a rana, kwana nawa, da sa hannu da hatimi. Da Faransanci ake rubuta ta, don haka ku ce a maimaita muku da Hausa, haƙƙinku ne, kuma ba rashin kunya ba ne a ce, "Malam, sake faɗa mini." Wanda aka nemi kuɗi a hannunsa ba tare da rasit ba, ko aka ƙi duba shi saboda shi ɗan gudun hijira ne, ya zo teburin kare haƙƙi da takardar a hannu. Ba ma bayyana sunan wanda ya kawo ƙara.