In Za Ki Kira Masu Amada, Ki Bar Su da Ƙwaryarsu

Uwar biki, da ke nake. A 'yan shekarun nan, in ana suna ko kamu a unguwannin Mubi irin su Lokuwa, Kolere ko Wuro Gude, sai ki ji an ɗauko tsohuwar waƙar mata an ɗora ta kan fiyano da manyan lasifiku. Baitocin suna nan, amma daɗin ya gudu. Waƙoƙin amada irin na Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da na Uwaliya Mai Amada ta Kano, a kan ƙwarya aka tsara su, don tsakar gida, cikin mata zalla. Numfashin zabiya da shigowar 'yan amshi duk a kan bugun ƙwarya suke tafiya, shi kuwa inji bai san jiran zabiya ta ja numfashi ba.

Turawa ma sun gano haka a nasu kiɗan. Akwai mata da suka tsara kiɗan cikin ɗaki shekaru fiye da 300 da suka wuce: Barbara Strozzi ta birnin Benis, wadda aka haifa a 1619, da Isabella Leonarda, 'yar zuhudu a Nobara ta Italiya, wadda ta buga kundin kiɗan goge a 1693, da Élisabeth Jacquet de La Guerre ta Faransa. Masu raya ayyukansu a yau sukan koma ga goge mai tsirkiyar hanjin tumaki maimakon ta ƙarfe, su yi kiɗan a ƙaramin zaure, mutum uku ko huɗu. Su sai sun nemi masassaƙi ya kwaikwayi kayan gidan tarihi. Mu kuwa namu yana kasuwar Mubi, ana noma shi a gonakinmu.

To ki fara da ƙwaryar. Ki nemi wadda ta ƙosa a jikin duma, mai kauri, ki ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa tun a gaban mai sayarwa. In ta amsa garau, ɗauka. In ta yi sautin raɗa-raɗa, akwai tsaga ko da ido bai gani ba. Wadda gyartai ya ɗinke ta yi wa fura da tsaba, amma ba ta kiɗa. Ki haɗa manya da ƙanana, domin babba ce mai kaurin murya, ƙanana su yi mata ado.

Ƙwaryar ruwa ita ce mai son haƙuri. A cika babbar roba ko daro, a kife ƙwaryar a kai. Iskar da ta maƙale a ƙarƙashinta ita ke ba ta murya, don haka mai kiɗa za ta ɗan ɗaga gefe, ta ƙara ko ta rage iskar, har sautin ya zauna daidai da muryar zabiya. Kada ki hanzarta masu kiɗan. Ki ba su kamar rabin sa'a kafin baƙi su cika gida. Da hunturu kuma kada a bar ƙorai ko shantu a rana, bushewa ce ke tsaga su.

Waje ya zama tsakar gida ko babban falo, a shimfiɗa tabarmi, janareta ya yi nisa. In dole sai an ƙara murya, makirfo ɗaya ya isa, a bakin zabiya kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan mai waƙa. Ayyukan waɗancan matan na Turai sun tsira ne domin an buga sunayensu a takarda. Namu iyayen da yawa sun tsara waƙoƙin daka, na shantu da na reno, da Hausa, Fulatanci, Gude ko Nzanyi, yau sai dai a ce "waƙar gargajiya". Saboda haka kafin a fara kowace waƙa, a tambayi zabiya wa ta tsara ta, a wurin wa ta koya, a faɗa a fili. In za a ɗauka a waya, a nemi izinin matan tukuna, domin waƙar cikin gida ba kowacce ake so ta fita titi ba. A ajiye wayar nesa kaɗan da ƙorai, kada bugun ya danne kalmomin.

Kuma ki biya su kuɗin da kika yi niyyar ba mai fiyano, ban da liƙi. Ɗalibai mata na Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi, ku ma ku zo da littafi da biro, ku zauna kusa da tsofaffin nan ku rubuta tun suna raye.